Sa hannun Muhammad Ali a cikin kayan gado: nasa ne, kuma nawa zai yi?

Bayan addu'ar arba'in ta wani dattijo maƙwabcinmu a Fagge, magada suka zauna ƙididdige abin da ya bari kafin malamin da zai raba gado ya zo. Gida akwai dillalan da suka san kuɗinsa, rumfar Kantin Kwari ma haka, mota kuwa ko yaron makanike zai faɗi abin da za ta yi. Sai aka zo kan abu biyu da aka rasa bakin zarensu. Na farko hoto ne babba a cikin firam, ya daɗe a rataye a falon marigayin: Muhammad Ali tsaye a kan Sonny Liston yana daka masa tsawa ya tashi, ga sa hannu ɓaro-ɓaro da shuɗiyar tawada, a bayan firam ɗin kuma an manna takardar shaida mai hatimi ruwan zinare. Na biyun a ƙasan adaka aka tsinto shi, a tsakiyar wani tsohon fasfo. 'Yar ƙasida ce ta Turanci mai ninki uku a kan Musulunci, gefenta ya yi ja don tsufa, a samanta an yi wani ɗan mitsitsin rubutu da biro kamar kiyashi ya faɗa tawada ya fito.

Autan gidan ya riga ya leƙa intanet. Ya ce, "Yaya, wallahi ɗamarar mutumin nan sama da dala miliyan shida aka saye ta. Hoton nan ko da gidan nan aka gwada shi ba lallai gidan ya rinjaye shi ba." Yayan nasu bai ce komai ba, sai ya aiko aka kira ni, don ya san na daɗe ina bin labarin damben Turawa da tarkacen da ake sayarwa da sunan 'yan damben.

Yaron bai yi ƙarya ba. A watan Yulin 2022 gidan gwanjon Heritage Auctions na Amurka ya sayar wa attajirin nan Jim Irsay ɗamarar kambin duniya ta Ali, ta nasarar da ya yi a kan George Foreman a Kinshasa a 1974, a kan dala miliyan 6.18. Kafin nan, a 2014, safar damben da ya sa a karonsa na farko da Liston ta yi dala 836,500. Sai dai waɗannan kaya ne da ke ɗaure da wani babban karo da ya yi, kuma irinsu ba su da yawa a duniya. Sa hannu wani abu ne daban, kuma tambaya biyu ce a kansa wadda mutane ke cakuɗawa: shin hannun Ali ne ya yi shi, sannan in nasa ne, nawa zai yi? Amsar ta farko tana iya zama i, ta biyun ta zama abin da bai kai kuɗin babur ba.

Duk wanda ya zauna a gaban malamin hadisi a zaurukan birnin nan ya riga ya san rabin wannan ilimi. Ba a karɓar ruwaya sai an duba isnadi, wato wa ya ji daga wa har a kai tushe, sannan a duba matani, a ga ko maganar kanta ta dace da wanda aka jingina wa ita da zamaninsa. Masu tantance sa hannu a Amurka da Ingila ba su san waɗannan sunaye ba, amma aikin da suke yi ke nan. Isnadin sa hannu shi ne tarihin hannuwan da abin ya bi tun daga ranar da aka rubuta shi. Mataninsa kuwa shi ne rubutun, da tawadar, da takardar.

Mu fara da matani, tunda shi ne a gabanmu. Abu mafi sauƙi shi ne sunan. An haifi mutumin nan a Louisville ta jihar Kentucky ranar 17 ga Janairu, 1942, da suna Cassius Marcellus Clay. Da wannan sunan ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, da shi kuma ya buge Liston ranar 25 ga Fabrairu, 1964. Sai a watan Maris na wannan shekarar Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar Nation of Islam, ya raɗa masa suna Muhammad Ali. Ke nan duk takardar da ke ɗauke da "Muhammad Ali" da kwanan watan 1962 ko 1963 ta tona wa kanta asiri. Haka kuma a juye. Daga 1964 ya ƙi jinin tsohon sunan, yana ce masa sunan bauta, har ya riƙa dukan Ernie Terrell a 1967 yana tambayarsa mene ne sunana, saboda ya kira shi Clay. Don haka "Cassius Clay" a kan mujallar 1975 abin tuhuma ne. Amma can a shekarun 1990, lokacin da ake shirya masa zaman sa hannu na kuɗi, ya yarda yana rubuta tsohon sunan, wani lokaci ma ya jera duka biyun. Wanda bai san wannan ba zai ga Clay ya ɗauka na ƙuruciya ne, alhali girman rubutun kaɗai ya isa ya raba su.

Akwai wani ɗan tarko da ya fi kama mutanenmu. Mu a nan mun saba da Mohammed, Muhammed, har da gajartawar nan ta Moh'd. Shi Muhammad yake rubutawa, da u a farko da a a ƙarshe. Kwanan wata kuma irin na Amurkawa yake sawa, wata kafin rana. A kan ƙasidar marigayin an rubuta 9-21-89. Autan ya duba ya yi dariya ya ce ai ga ƙaryar nan, ina aka taɓa wata na ashirin da ɗaya? Na ce masa wannan shi ne abu na farko da ya sa na gyara zama. Da ɗan ƙasar nan ne ya ƙirƙira, da hannunsa ya kai shi ga 21-9-89 ba tare da ya sani ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne hannun kansa, domin Ali ba hannu ɗaya ya yi ba. A shekarun 1960 da 1970 rubutunsa manya ne, a sake, haruffan suna bin juna da gudu, kana gani ka san mai lafiya ne kuma mai ji da kansa. Ya yi karonsa na ƙarshe da Trevor Berbick a Disambar 1981, a 1984 kuma likitoci suka tabbatar yana da cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki. Ɗaya daga cikin alamun wannan cuta shi ne rubutu ya riƙa ƙanƙancewa, haruffa su matse, har ƙarshen kalma ya fi farkonta ƙanƙanta. Haka sa hannunsa ya riƙa tsukewa a hankali. Wanda ya ga yadda hannunsa ke rawa lokacin da ya kunna wutar Olamfik a Atlanta a 1996 ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda alƙalami zai kasance a wannan hannun. Saboda haka mai tantancewa ba ya tambayar ko sa hannun ya yi kama da na Ali. Yana tambayar ko ya yi kama da na Ali na wannan shekarar. Lafiyayyen rubutu katafare irin na 1974 a kan hoton da aka wanke a 2005, ruwaya ce da matani ya ƙaryata.

Ciwon ya zo wa 'yan jabu da sauƙi ta wata fuska. A ƙa'ida, abin da ke kama mai kwaikwayon sa hannu shi ne rashin gudu. Mai sa hannunsa ba ya tunani, alƙalamin yana sauka a kan takarda yana cikin tafiya, ya tashi yana cikin tafiya, shi ya sa farkon layi da ƙarshensa suke sirancewa kamar jelar ɓera. Mai kwaikwayo zane yake yi, ido a kan samfuri, hannu a hankali. Layinsa yana farawa da dunƙule, ya ƙare da dunƙule, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, ya tsaya a tsakiyar harafi ya ɗaga alƙalami ya dawo, tawada ta taru a inda ya yi jinkiri. To amma a kan Ali na ƙarshen rayuwa, mai jabu sai ya ce ai karkarwar ciwo ce. Bambancin yana nan ga wanda ya ga ɗaruruwan na gaske. Rawar ciwo tana bin layin gaba ɗaya a kan kari ɗaya, kuma duk da rawar, hannun ya san hanyarsa, bai manta inda harafi ke shiga harafi ba. Rawar mai kwaikwayo a lanƙwasa take taruwa, a wuraren da suka yi masa wuya, a miƙaƙƙen layi kuma sai ta ɓace. Wannan ba abin da ni ko kai za mu yanke hukunci a kansa daga hoton WhatsApp ba ne, kuma duk wanda ya ce maka zai iya, riƙe aljihunka.

Akwai dai abin da kowa zai iya dubawa a tsakar gidansa. Muka cire hoton daga firam, muka fito da shi hasken rana, na karkata shi. Tawadar da aka sa a kan hoto bayan an buga shi tana zama a samansa, ƙyallinta daban da na takardar, wani wuri kauri wani wuri fayau, inda layi ya hau layi kuma ya fi duhu. A nan babu ko ɗaya, ƙyalli ɗaya ne ya shafe hoton da rubutun. Muka aiki yaro ya aro gilashin ƙara girma wurin wani mai gyaran waya, irin wanda suke duba cikin waya da shi a Farm Centre. Da muka ɗora, sai shuɗin layin ya tarwatse ya zama ɗige-ɗige ƙanana, irin waɗanda suka yi wandon Ali da igiyar fage. Injin da ya buga hoton shi ya buga sa hannun. Hoton kansa sananne ne, Neil Leifer ya ɗauke shi ranar 25 ga Mayu, 1965, a garin Lewiston, a karo na biyu da Liston, kuma an buga kwafinsa ba adadi. Falon ya yi tsit. Ƙasidar kuwa da muka juya bayanta muka shafa, sai ga shatar biro ta fito, yatsa yana jin ta.

Kayan rubutu ma suna da ranar haihuwa. Biro bai shiga kasuwar Amurka ba sai 1945, alƙalamin Sharpie kuma, wanda yawancin sa hannun kan safa da hotuna da shi ake yi, a 1964 ya fito. Tikitin dambe na 1961 mai sa hannu da irin wannan alƙalami yana nufin, in ma na gaske ne, daga baya aka kawo masa ya sa, kuma kuɗinsa ba ɗaya ba ne da wanda aka yi a daren. Fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke haska dala da ita a Wapa ita ma tana aiki a nan: takardun zamani suna ɗauke da sinadarin ƙara fari da ke walƙiya a ƙarƙashinta, tana kuma nuna inda aka goge wani rubutu ko aka yi ciko. Sai injin sa hannu, wanda ofisoshin manyan mutane ke amfani da shi, da hannun hadimai masu amsa wasiƙu a madadin maigida. Na inji ana gane shi da cewa nauyinsa ɗaya ne ko'ina kuma yana maimaita kansa. Ɗan Adam bai taɓa sa hannu biyu da za a ɗora ɗaya a kan ɗaya su dace tsaf ba. In ka samu naka ya yi daidai da wani da ke intanet har ɗigo, kada ka yi murna, daga can aka kwafo shi.

Yayan ya nuna takardar shaidar da ke bayan firam ya ce, "To Malam, wannan fa? Ga hatimi, ga sa hannun mai shaida." Na ce masa ya duba ko akwai lamba, ko adireshi, ko hoton abin da ake shaida. Babu. Takarda ce da duk mai shagon buga katin biki zai yi maka irinta kafin la'asar. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta Amurka ta yi wani bincike da ta sa wa suna Operation Bullpen, wanda ya kai ga samame a Oktoban 1999. Gungu ne guda, da gwanin kwaikwayonsu Greg Marino, da masu rarrabawa, da masu ba da takardar shaida. Sunan Ali yana cikin waɗanda suka fi bugawa. Sukan nemi tsofaffin littattafai su yanke fararen shafukan ciki don su samu takarda mai shekaru, abin har ya kai su ga ƙirƙiro sa hannun Mother Teresa a kan ƙwallon wasa. Kayan nasu da takardun shaida suke fita. Takardar shaida mai ruwaya ce ita ma, sai an san adalcin wanda ya ba da ita.

A kasuwar yau sunaye uku ne manyan gidajen gwanjo suka fi amincewa da su a kan sa hannun 'yan wasa: PSA/DNA, da JSA, da Beckett, duk a Amurka. Suna da tarin samfuran da aka tabbatar na kowace shekara, su gwada naka da su, in ya wuce su ba shi lamba su sa a rumbunsu na intanet, yadda mai saye zai shiga ya duba. Wasunsu suna karɓar hoto daga nesa su ba da ra'ayi na farko a kuɗi kaɗan, cikakkiyar shaida kuwa sai abin ya je hannunsu. Ni dai ba na ɗaukar su ma'asumai. Ba su nan lokacin da aka sa hannun, ra'ayin gwani suke sayarwa, an kuma sha ganin wannan ya karɓa wancan ya ƙi. 'Yan jabu ma sun koyi satar lambar gaske su manna wa kayan ƙarya, don haka in ka duba lamba ka tabbata bayanin da ya fito na abin da ke hannunka ne. Amma kasuwa ta riga ta ɗaure kanta da su. Sa hannu na gaske marar takardarsu, mai saye zai taya shi da kuɗin kokwanto.

Sai isnadi, wanda a nan Kano shi ne ƙarfinmu kuma shi ne rauninmu. Ƙarfi, domin ba mu da masana'antar jabun sa hannun 'yan dambe, abin da ya kwana shekara talatin a adakar dattijo ba don a yaudari kowa aka ajiye shi ba. Rauni, domin komai a ka muke riƙe shi. "Baba ya ce" hujja ce a cikin gida, a wurin mai saye a Dallas ko Landan ba ta da nauyin ƙwayar gero. Ali ya zo Nijeriya a rangadinsa na Afirka na 1964, wanda ya kai shi Gana da Masar, ya kuma dawo a 1980 lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya aiko shi neman ƙasashen Afirka su ƙaurace wa Olamfik ta Mosko. Ya yi aikin Hajji a 1972. Duk waɗannan ƙofofi ne da mutumin Kano zai iya haɗuwa da shi, amma ƙofa a buɗe ba ta nuna an shiga. Abin da ke ɗaure labari shi ne takarda: hoton mai abin tare da shi, ambulan mai tambarin gidan waya, tikitin jirgi, guntun jarida.

A nan tsohon fasfon ya yi magana. Akwai tambarin shiga Amurka a Satumbar 1989, lokacin da marigayin ya je wani kwas. Aka shiga ciki aka tambayi Hajiya, ta ce daga bayan labule, "Ni dai na san ya dawo yana ta labarin. Ya ce a filin jirgi ya ga mutane sun yi cincirindo, ya leƙa, sai ga shi yana ciro takardu daga jaka yana miƙa wa kowa. Ya yi masa sallama ya amsa. Hoton falo kuwa wani abokinsa ne ya kawo masa tsaraba can baya." Labarin ya dace da abin da aka sani game da Ali. A waɗannan shekarun ya mai da sa hannunsa hanyar da'awa. Yakan zauna ya sa hannu a kan ƙasidun Musulunci tuli guda, ya cika jaka, ya riƙa rabawa a filayen jirgi da tituna, don ya san mutum zai jefar da takardar wa'azi amma ba zai jefar da wadda ke ɗauke da sunan Ali ba. Na ce wa Yayan ya sa a rubuta abin da Hajiya ta faɗa yau ɗin nan, ta sa hannu, shaidu biyu su sa.

To nawa za ta yi? Abin da ya sa ake saurin yarda da ƙasidar shi ne ya karya mata kuɗi. Ali ya shekara sama da hamsin yana sa hannu, kuma ba ya korar mai nema. Rasuwarsa ranar 3 ga Yuni, 2016 ta rufe ƙofar sabo, amma abin da ya bari yana da yawan gaske, ƙasidun nan kuma suna cikin mafi yawa. Irinsu ɗaruruwan daloli suke yi. Safar dambe ta kamfanin Everlast da aka saya a kanti aka kai masa ya sa hannu, mai shaidar ɗaya daga cikin gidajen nan, takan shiga dubbai. Cassius Clay na gaske na kafin 1964 ya fi su, don shekarunsa kaɗan ne kuma a lokacin ba kowa ke ajiyewa ba. Can sama kuma sai abin da ke da alaƙa da wani dare na musamman, kamar karonsa da Joe Frazier na 8 ga Maris, 1971, ko na Manila a 1975: kwantiragi, wasiƙa da hannunsa, wando ko safar da aka yi karon da ita. Waɗannan har gwada su ake da hotunan ranar, a nemi tabo ko zaren da ya fita ko lanƙwasar da ta dace. Sa hannu a kansu ƙari ne kawai, kayan ne ke ɗauke da kuɗin.

Sauran kuwa duk ɗan kasuwa ya san su. Lafiyar kaya: tawadar da rana ta cinye, takardar da gara ta taɓa ko damina ta yi wa tabo, kuɗinta ya faɗi. In an rubuta sunan wanda aka ba wa, masu saye da yawa sukan rage, don ba mai son rataye gaisuwar wani a ɗakinsa, ko da yake ƙarin kalmomin suna taimaka wa mai tantancewa, in kuma akwai ɗan zanen fagen dambe da yakan yi wani lokaci, sai ya ƙara. Sannan kuɗin da ka gani an rubuta a eBay kuɗin da mai kaya ya yanka ne, ba wanda aka sallama ba. Kowa a Kurmi ya san tazarar da ke tsakanin abin da aka faɗa da farko da abin da aka ƙirga a ƙarshe. Cinikin da aka gama shi ake dubawa, na abu iri ɗaya, na kwanan nan. Ko shi ma ba duka ne ke shiga aljihun mai kaya ba. Adadin da jaridu ke bugawa ya haɗa da la'adar da gidan gwanjo ke ɗora wa mai saye, wadda takan kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye, mai sayarwa ma a cire tasa. Ka ƙara kuɗin tantancewa, da na aikawa zuwa Amurka, da inshora. A kan abin dala ɗari uku ko huɗu, ɗawainiyar za ta iya cinye rabin kuɗin. Masu saye kuma ba a Kano suke ba. Wanda ya tuntuɓe ka a Facebook ya ce ya saya dala dubu hamsin amma ka fara turo kuɗin rajista, ka san ko wane ne.

Ban so in bar maganar a kan Ali kaɗai ba, domin abin da ya fi yiwuwa a samu a adakokin ƙasar nan na 'yan gida ne. Hogan Bassey ɗan Kalaba ya ci kambin duniya a Faris a 1957. Dick Tiger ya karɓi nasa daga Gene Fullmer a 1962, ya kare shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a Agustan 1963, ya rasu a Disambar 1971 yana da shekara 42. Sa hannun Tiger ya fi na Ali ƙaranci nesa ba kusa ba, duk wanda ke kan abin da aka buga bayan 1971 kuma ƙarya ne kai tsaye. Amma ƙaranci kaɗai ba ya sa tsada sai da masu nema, kuma masu nemansa ba su kai na Ali ba. Duk da haka, in da ni ne na tsinci tikitin daren Ibadan ko takardar shirin karon, ko babu sa hannun kowa a kai, ba zan ba da shi a kan hoton Ali goma ba. 'Yan dambenmu na gargajiya irin su Shago kuwa ba su bar wa kowa wannan ciwon kai ba, abin da suka bari kirari ne a bakin mutane.

Da malamin rabon gado ya zo aka yi masa bayani, ya ce shi adadi yake buƙata, ba tarihi ba. Yayan ya ce, "Allah gafarta Malam, hoton kuɗin firam ɗinsa za a sa. Takardar kuma a yi mata ƙima daidai abin da irinta ke yi ba tare da shaida ba, a sa a cikin rabona. In wata rana na sayar ta fi haka, zan dawo wa 'yan'uwana da nasu." Kowa ya amince aka rubuta. Autan, wanda jikinsa ya ɗan yi sanyi, ya ce bari ya kai ta shago a yi mata laminashin kada ta lalace, ya kuma ɗauko biro zai bi kan inda rubutun ya dusashe. Na riƙe hannunsa. Roba mai zafi in ta kama takarda ba ta sakinta, mai tantancewa ba zai iya duba tawadar ba, layi ɗaya na sabon biro kuma ya isa ya mai da hannun Ali hannun wani. Ba salatif, ba gam, ba rataya a inda rana ke bugu. Muka shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu biyu masu tsabta, aka sa a ambulan tare da fasfon da bayanin Hajiya, aka mayar ƙasan adaka. Hoton kuwa Hajiya ta aiko cewa a goge masa ƙura a mayar da shi kan ƙusarsa, ta saba ganinsa a wurin.